Ayarin Attajirai a Kan Hanyar Kiwon Lafiya

A zamanin da fataken Kano suke bin hanyar Gwanja da jakuna, babu falken da yake kama hanya shi kaɗai, kome yawan dukiyarsa. Mai kanwa da mai fatu da mai tufafi sukan haɗu cikin ayari guda, ƙarƙashin madugu guda, su tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan hanya, su sauka zango guda. In an isa kasuwa kowa ya kama cinikinsa, har a yi ta gogayya a kan farashin goro. Amma muddin ana cikin daji, abin da ya taɓa jakin mutum ɗaya ya taɓa ayari duka. Tsoron hanya shi ne ya koya musu zumunci.

Irin wannan tsoro ne ya tara manyan attajiran Nijeriya wuri guda a shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta shigo ƙasar nan. Yanzu annobar ta lafa, an kwashe tantunan da aka kafa dominta, lokaci ya yi da za a zauna a yi lissafin wannan ayari: abin da ya ɗauko, da abin da ya isar, da abin da ya zube a hanya. Lissafin yana da amfani, domin cututtukan da suke kashe talakan ƙasar nan kullum rana ta Allah suna nan daram.

YADDA AYARIN YA TASHI

Ran 27 ga watan Fabrairu na 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya. Wani Bature ne ɗan ƙasar Italiya, wanda ya sauka Legas ya zarce wata masana'anta a Jihar Ogun don harkar aikinsa. Watau ta ƙofar ciniki cutar ta shigo. Bayan wata guda Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin rufe Legas da Ogun da Abuja daga ran 30 ga Maris. Kasuwanni suka tsaya cik, injuna suka yi shiru, mai dukiya ya ga cewa ba shi da inda za shi, domin ƙasashen da aka saba zuwa neman magani su ma sun rufe ƙofofinsu.

A ƙarshen wannan wata na Maris ne aka ba da sanarwar kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan kasuwa ta yaƙi da annobar, wadda aka fi sani da CACOVID. Alhaji Aliko Ɗangote da marigayi Mista Herbert Wigwe na Bankin Access su ne a gaba, tare da Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Mista Godwin Emefiele. Alhaji Aliko ya ajiye Naira miliyan dubu 2, watau biliyan 2. Alhaji Abdussamad Rabi'u na kamfanin BUA, da Mista Femi Otedola, da Mista Tony Elumelu na Bankin UBA, da Mista Jim Ovia na Bankin Zenith, da Mista Segun Agbaje na GTBank, da Uwargida Folorunsho Alakija mai harkar man fetur, da kamfanin sadarwa na MTN, kowannensu ya ba da Naira biliyan 1. Mai siminti da mai banki da mai mai da mai wayar tarho suka shiga ayari guda, alhali wasunsu abokan gogayya ne na ƙut da ƙut a kasuwa. Ga Alhaji Aliko kuwa abin gado ne, gama shi tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa, falken goron nan da ya rasu a 1955.

Burin ƙungiyar shi ne ta tara Naira biliyan 120. Ba ta kai can ba. Bisa ga bayanin da Gwamnan Babban Banki ya yi a watan Nuwamba na 2020, an tara fiye da biliyan 39, an kuma kashe wajen biliyan 43. Fiye da biliyan 4 ya tafi wajen kafa cibiyoyi 39 na keɓe masu cutar a jihohi 36 da Abuja, wajen biliyan 9 ya tafi sayen kayan gwaji, sa'an nan fiye da biliyan 28 aka sa a sayen abinci. Mai karatu ya riƙe wannan adadi na ƙarshe: kashi biyu cikin uku na kuɗin ga abinci ya tafi, kuma a nan ne ayarin ya yi tuntuɓe.

ABIN DA YA ISA ZANGO

Adalci ne a fara da yabo. Abu na farko shi ne hanzari. Cikin 'yan makonni aka tara kuɗin da in da ta hanyar kasafin gwamnati aka bi, sai an yi watanni ana kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan. Na biyu, an buɗe asusun a Babban Banki, ana kuma buga sunayen waɗanda suka ba da gudummawa da adadin abin da suka bayar, kowa yana gani. Na uku, kamfanonin ba kuɗi kawai suka kawo ba, sun kawo abin da suka iya: mai manyan motoci ya san yadda ake kai kaya lungu, mai banki ya san lissafi, mai sadarwa ya san yadda ake isar da saƙo ga miliyoyin mutane a rana ɗaya.

Mutanen Kano ba za su manta da watan Afrilu na 2020 ba. An hana fita, azumi ya kama, ga mace-macen dattawa da manyan malamai da ba a san kansu ba, har masu haƙar kabari suka fara kokawa. A daidai wannan lokaci ɗakin gwajin cutar da ke Asibitin Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki, gari ya zauna cikin duhu, babu mai iya cewa ga abin da yake kashe mutane. A watan Mayu Gidauniyar Ɗangote ta kafa wa jihar wani ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka, an kuma kafa wurin keɓe masu cutar a filin wasa na Sani Abacha. Daga baya Ministan Lafiya ya bayyana cewa cikin kusan mutum dubu da suka rasu a wannan tsakani, ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce sanadinsu. Wanda ya ga wannan yanayi ya san darajar injin gwaji ɗaya a ranar da ake bukatarsa.

ABIN DA YA ZUBE A HANYA

An shirya rabon abincin ne domin gidaje kimanin miliyan 1.6 a ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan: shinkafa, taliya, sukari, gishiri, da garin tuwo. Niyya ce mai kyau, gama wanda aka hana shi fita nema dole a ci da shi. Amma kullen Legas da Abuja an fara sassauta shi ne ran 4 ga Mayu, shi kuwa bikin fara rabon abincin sai a watan Agusta aka yi shi. Yunwar da aka yi nufin kashewa ta riga ta yi ɓarnarta. Bugu da ƙari, ƙungiyar ta miƙa kayan ne ga gwamnatocin jihohi, alhakin rabawa ya koma wuyansu.

A watan Oktoba na 2020, bayan zanga-zangar neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, sai jama'a suka fara fasa ɗakunan ajiya a Legas da Ede da Ilori da Kalaba da Bukuru da Yola da Jalingo da Gwagwalada. Duniya ta ga hotunan mutane a kan rufin sito, da mata ɗauke da buhuna masu tambarin ƙungiyar. CACOVID ta yi bayani cewa kaya masu yawa haka ba sa samuwa a rana ɗaya, sai da masana'antu suka sarrafa su kashi-kashi, wasu jihohin kuma ba su gama karɓar rabonsu ba. Ƙungiyar gwamnoni ta ce wani abincin an ajiye shi ne don jiran dawowar annobar. Ko da an karɓi waɗannan uzurori duka, talakan da ya kwana da yunwa a watan Afrilu, ya ga shinkafarsa a kulle a watan Oktoba, ba zai ƙara yarda da wani bayani ba. Amanar da aka yi hasara a wannan mako ta fi abincin tsada.

Wata ɓarakar ta biyo baya a watan Fabrairu na 2021. Kamfanin BUA ya ba da sanarwar cewa ya biya kuɗin allurar rigakafi miliyan 1 ta hannun bankin Afreximbank. Nan da nan CACOVID ta fito ta ce ba haka aka shirya ba, saye na tarayya ne, kuma ta hannun gwamnati za a yi shi. Aka yi ta musayar takardu a jaridu, jama'a suna kallo. A ƙarshe dai allurar farko da ta sauka Abuja ran 2 ga Maris, 2021, wajen miliyan 3.9, ta hannun shirin duniya na COVAX ta zo. Ba a nan za a yanke hukuncin mai gaskiya a cikinsu ba. Abin lura shi ne, da tsoro ya fara raguwa sai gogayyar kasuwa ta leƙo cikin ayari, kuma babu wata rubutacciyar ƙa'ida da jama'a suka sani wadda za ta raba gardamar kafin ta fita waje.

WANI AYARI DA YA DAƊE

Domin a gane abin da ya rasa, ya kamata a dubi wani haɗin gwiwa da aka yi shi ba cikin firgita ba. Jihar Kano ta dakatar da allurar shan-inna a 2003, ba ta koma ba sai a 2004, cutar kuwa ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe da dama. Daga 2013 wata yarjejeniya ta fara aiki tsakanin Gwamnatin Jihar Kano, da Gidauniyar Ɗangote, da Gidauniyar Bill Gates, attajirin kwamfuta na Amurka. Mai sukari da mai kwamfuta suka haɗu a kan allurar yara. An zuba kuɗi cikin asusu guda, bisa sharaɗin cewa kason gidauniyoyin zai riƙa raguwa kowace shekara, na jiha yana ƙaruwa, har jiha ta ɗauki nauyin duka. Akan zauna lokaci-lokaci da gwamna a bi alkawuran ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda aka cika da wanda aka saɓa. Kuɗin kuwa ya tafi ne ga abubuwan da ba sa ɗaukar ido, kamar firjin ajiye allura da abin hawan kai ta ƙauye. Daga baya aka yi irin wannan yarjejeniya da Bauci da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe.

Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a Jihar Kano, a Sumaila ne, a 2014. Na ƙarshe a ƙasar nan duka a Borno ne, a 2016, kuma ran 25 ga Agusta, 2020, aka ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da wannan ƙwaya. Lalle nasarar ta mutane da yawa ce: sarakuna da hakimai da malamai, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da ƙungiyar Rotary, da dubban matan da suka bi gida-gida cikin rana. Amma rabon da attajiran suka ɗauka ya yi albarka ne don abu uku: an rubuta sharaɗi, an bi kuɗin har bakin yaro, an kuma daure shekara da shekaru. Waɗannan ukun su ne abincin korona ya rasa.

ƘOFAR MASANA'ANTA

Akwai kuma wani wurin da ya fi kusa da attajiri fiye da kowane filin wasa, watau ƙofar masana'antarsa. A 2001 kamfanin lu'ulu'u na Debswana a ƙasar Botswana ya fara ɗaukar nauyin maganin ƙanjamau ga ma'aikatansa. A watan Agusta na 2002 babban kamfanin haƙar ma'adinai na Anglo American ya ce zai ba ma'aikatansa na Afirka ta Kudu maganin kyauta, tun gwamnatin ƙasar ba ta fara ba da shi a asibitocinta ba. Lissafi suka yi: ma'aikacin da aka shekara goma ana koya masa aiki, in ya kwanta, an yi hasarar aikinsa da kuɗin jiyyarsa da na koyar da wanda zai gaje shi. A Nijeriya ma an kafa ƙungiyar 'yan kasuwa ta yaƙi da ƙanjamau, NIBUCAA, a 2003, kuma ita ce ta jagoranci asusun Naira biliyan 62 da aka ƙaddamar a watan Fabrairu na 2022 don hana jarirai ɗaukar cutar daga iyayensu mata. A watan Agusta na wannan shekara ta 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa majalisar kawar da zazzaɓin cizon sauro, ya ba Alhaji Aliko shugabancinta. Dalilin a bayyane yake, gama wajen rubu'in masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke, kuma babu mai kamfanin da bai san yawan kwanakin aikin da yake cinyewa ba.

Ƙungiyoyi dai ga su nan birjik. Abin tambaya shi ne halin da lebura yake ciki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a cikin asusun da za a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane mazaunin ƙasar nan. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan magani a Nijeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita. Wanda ya fi shan wuya shi ne ma'aikacin wucin gadi, wanda ake ɗauka a bakin ƙofa da safe a sallame shi da yamma. Ba shi cikin rajista, saboda haka ba shi cikin inshora. In inji ya cinye masa yatsu, ko ƙura ta cika masa ƙirji, sai a ba shi 'yan kuɗin mota, gobe a ɗauki wani. Gudummawar biliyan ɗaya a gaban 'yan jarida ba ta wanke wannan.

Haka kuma abin da yake fita ta bayan masana'anta. Shekaru da yawa ke nan masu bincike suna samun dafin da ake jima da rini da shi a cikin ruwan da yake gangarowa daga Bompai da Sharaɗa da Chalawa, ruwan da masu lambu suke ban-ruwa da shi, kayan lambun kuma su shiga kasuwa. Wurin tace irin wannan ruwa ya fi ƙarfin ƙaramar masana'anta guda, kuma wanda ya yi shi shi kaɗai kayansa za su fi na maƙwabcinsa tsada. Ga aikin da ba ya yiwuwa sai da ayari: majemi da masaƙi da mai roba su haɗa kuɗi, su ɗauki nauyin tacewa tare, kada wani ya ci ribar ƙazantar da wani ya biya kuɗin gyarawa.

ABIN DA YA KAMATA

Ba a fafe gora ranar tafiya. In attajiran ƙasar nan suna so ayarinsu ya ɗore, to, tun yanzu da babu annoba ya kamata su rubuta ƙa'idojinsa, a san mai yanke shawara da hanyar raba gardama. Kowace ƙungiya ta 'yan kasuwa da take magana a kan lafiya ta sa sharaɗin shiga: kamfani ya nuna cewa duk wanda yake yi masa aiki, har da na wucin gadi da direba da mai gadi, yana da inshorar lafiya da kayan kāre jiki. Duk kayan da aka tara da sunan talaka a bi su har hannunsa, a buga rahoton rabon gunduma-gunduma, kamar yadda aka buga sunayen masu bayarwa. Kuɗin kuma a karkata shi ga ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye, inda mace take haihuwa kuma ake yi wa yaro allura. Ƙungiyar kamfanoni masu tallafa wa kiwon lafiya ta fito da shirin ɗaukar nauyin irin wannan asibiti ɗaya a kowace ƙaramar hukuma. Ranar da za a yaba wa shirin ita ce ranar da aka ƙirga waɗanda suke da ungozoma da magani da ruwa da wuta bayan shekara biyar da buɗe su.

Maganar ba ta masu biliyoyi ce kaɗai ba. Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau a Kano, da Sabo a Badun, da kasuwar Mile 12 a Legas, duk suna da shugabanni da ƙungiyoyi, kuma mutanensu sun san adashi tun kaka da kakanni. Mai atamfa da mai hatsi da mai gwari za su iya haɗa kuɗi su yi wa yaran shago da 'yan dako rajista a jimlace a hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinsu. Yanzu ma suna biyan wannan kuɗi, sai dai suna biyansa ne a makare, ranar da aka zagayo da takardar neman taimakon wani yaro da yake kwance a asibiti.

Gwamnati kuwa kada ta fake da kyautar attajirai. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don kiwon lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Kyauta tana zuwa ne ranar da mai ita ya ga dama, amma albashin likita da na ungozoma kowane wata ne. Aikin hukuma shi ne ta karɓi haraji, ta biya ma'aikatan asibiti, ta kuma tura sufetocinta su leƙa cikin masana'antu, har da na waɗanda suka ba da gudummawa mafi tsoka.

Shekarar 2020 ta nuna cewa attajiran Nijeriya suna iya haɗa kai cikin mako guda in wuta ta kusa da gemunsu. Saura su nuna suna iya yin haka domin mai naƙuda a ƙauye da leburan da yake tari a bakin inji, waɗanda ciwonsu ba ya hana jirgin kowa tashi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma sa masu hali su gane.